Tanderun Kaka Badora

Coimbra, 9 ga Fabrairu, 1978

'Yar'uwata Mallena,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Boreddu da yara, da fatan tumaki sun wuce sanyin nan lafiya. Ki gaishe mini da Kaka Badora, ki tambaye ta ƙafar nan tata. Ni lafiyata ƙalau, sai dai mura, ga kifin nan busasshe mai gishiri da mutanen Fotugal ke ba ni safe da rana har na fara jin ƙishirwa in na ji sunansa.

Ki ajiye abin da ke hannunki ki zauna. Mallena, na tsinci Kaka a Fotugal! Na san za ki ce karatu ya taɓa ni, amma ki saurara.

A harsunan da suka fito daga Latin akwai wata siga ta kalmar aiki da take zuwa tsirara, ba ta nuna wa ya yi aikin. A Italiyanci in kin ce dare, bayarwa kawai kika ce, ko ni ne mai bayarwar, ko ke, ko limamin coci, oho. Faransawa haka, Sifaniyawa haka. Mutanen nan kuwa sai su ɗauki kalmar tsirarar su maƙala mata wutsiya. Dar bayarwa ne, amma in mu ne masu bayarwar sai su ce para darmos, wato don mu bayar. Suna alfahari da abin nan kamar su suka ƙera shi a maƙera.

Ranar Litinin Farfesa Lousada, malamin da ke duba aikina, yana tsaye gaban allo yana ta bayani a kai, sai kawai na ji muryar Kaka a kunnena, tana tsaye bakin tanderu tana cewa a ware burodi uku pro daremus, don mu bayar, ga matar makaho. Daremus, Mallena! Harafi da harafi haka kalmar take a littattafan Latin. Na miƙe tsaye a tsakiyar aji kamar an tsikare ni, har kujera ta faɗi, na ce kakata tana faɗin haka. Aka kwashe da dariya. Farfesa bai yi dariya ba. Ya ce ya karanta cewa akwai abin a tsaunukanmu na Sardiniya, amma masu rubutun sun ce ya kusa ƙarewa, shi kuma bai taɓa jin sa a bakin mai rai ba. Ya ce in kawo masa muryar kafin ashirin ga Yuni, ranar da zan tsaya gaban malaman sashenmu. In na kawo, a kai zan gina littafina gaba ɗaya. In ban kawo ba, in cire maganar in koma kan tsoffin takardun coci kamar kowa.

Na sa rakoda da kaset huɗu a gidan waya jiya. Ba wuya: ki danna jan maɓalli tare da na kusa da shi, ki ga kaset yana juyawa, shi ke nan. Ki zaunar da Kaka ki ce ta yi magana, ko a kan me. Ni kaina na kasa tuna yadda take faɗin na "ku" da na "su", shekaru sun yi yawa ban ji ba. Kada ki bar yara su taɓa, kada ki ajiye kusa da wuta.

Ɗan'uwanki,
Gonariu


Orulai, 3 ga Maris, 1978

Gonariu,

Mun samu wasiƙarka, akwatinka ma ya iso. Muna lafiya. Boreddu yana can gangare da tumaki, an samu 'yan raguna da yawa bana, biyu ne kawai suka mutu. Ƙaramar ta fitar da haƙori. Ƙafar Kaka tana nan yadda ka san ta, in za a yi ruwa ita ke fara sani.

Na karanta wasiƙar sau uku. Abin da na gane shi ne ka haye teku, ka ci kifin gishiri shekara biyu, don wani mai gemu ya gaya maka yadda ake magana a kicin ɗinmu. Da ka tambaye ni da na gaya maka kyauta. Wutsiyar da kake faɗa ni ba na sa ta, sai dai in ina kwaikwayon Kaka don yara su yi dariya. A garin nan daga ita sai Tatana maƙwabciyarmu, ita kuma Tatana haƙoranta sun zube, ko ta sa wutsiyar ba za ka ji ba.

To ga yadda aka yi. Ranar Lahadi bayan coci na ce, "Kaka, Gonariu ya aiko da akwati mai ɗaukar murya, yana so ki yi masa magana."

Ta dubi akwatin, ta dube ni. Ta ce in jira. Ta shiga ɗaki, ta fi rabin awa. Da ta fito sai ga ta da baƙin siket ɗinta mai ninki, da mayafin siliki da ba ta taɓa shi sai ranar biki, har da 'yan kunnen aurenta. Na ce, "Kaka, ba hoto ba ne fa, ba ya gani." Ta ce ita ta san abin da take yi. Ta zauna a kujerar baƙi, ta miƙe baya, ta ɗora hannuwa bisa gwiwa. Na danna maɓallan.

Za ka ji da kunnenka, ga kaset ɗin nan na haɗo. Italiyanci ta yi daga farko har ƙarshe, irin nata mai ɗingishi. "Barka da rana, Dokta. Muna lafiya. An yi ruwa ranar Alhamis. Muna gode wa Dokta da ya tuna da mu." Nan ta tsaya. Na yi mata alama da hannu ta ci gaba, ta ce ta gama. Sauran kaset ɗin kukan kaza ne da ni ina roƙonta.

Na sake gwadawa ranar Laraba, haka ta sake yi, har da mayafin. Ta ce a gaishe da Dokta.

Mallena


Coimbra, 21 ga Maris, 1978

Mallena 'yar'uwa,

Ina gaisuwa, ina murna da labarin ragunan da haƙorin. Murata ta tafi. Kaset ya iso lafiya, na saurara har sau biyar. Kazar nan taku ta fi kowa ƙoƙari.

Allah sarki Kaka! Dokta! Ban ma zama ba tukuna, amma ki ga yadda take ji da ni, har da 'yan kunne. Na ji daɗi har cikin raina. Abin da ya faru sananne ne a wannan aiki namu: in ka ajiye wa tsoho na'ura a gabansa sai ya ɗauka gaban alƙali yake, ya ɗauko harshen hukuma. Kuskurena ne da ban gaya miki ba. Maganin abu ɗaya ne, kada ta san ana ɗauka. Ki ɓoye rakodar cikin kwando, ki rufe da tsumma mara kauri, ki ja ta da hira. Ki tambaye ta shekarar fari, ko rigimar gonar nan da gidan su Tatana, wannan ai ba ta gajiya da ita.

Bari in gaya miki me ya sa nake rawar jiki. Masana sun rabu biyu, sun fi shekara tamanin suna jifan juna da littattafai. Ɓangare ɗaya, har da Farfesa, sun ce mutanen Fotugal da na Galisiya ne suka ƙirƙiro wutsiyar daga baya, don su sauƙaƙa wa kansu magana. Ɗaya ɓangaren sun ce ba wanda ya ƙirƙiro komai, tsohuwar siga ce ta Latin da ta ƙi mutuwa, ta ɓuya a ƙarshen duniya inda ba a cika zuwa ba. An ce har a tsoffin takardun Napoli akwai ta, sannan ta ɓace. To ki duba: Kaka ba ta taɓa ganin ɗan Fotugal ba, ba ta taɓa shiga aji ba, birnin Nuoro ma da ke kusa sau nawa ta je? Wa ya koya mata? Uwarta. Uwar tata fa? Ki yi ta ja da baya har ki kai Rumawa. Ba na cewa wannan zai kashe gardamar, Farfesa yana da amsarsa a aljihu. Amma zan so in ga fuskarsa in ya ji.

Jiya na kasa cin abinci saboda tunanin nan, har matar gidan da nake haya ta tambaye ni ko budurwa ce. Na ce mata eh, shekarunta tamanin da ɗaya.

Ki hanzarta don Allah. Wata uku ya rage, wasiƙa kuma tana cin sati biyu a hanya.

Naki,
Gonariu


Orulai, 29 ga Afrilu, 1978

Gonariu,

Muna lafiya. Na san kana can kana cizon yatsa. Ma'aikatan gidan waya sun yi yajin aiki, wasiƙarka ta kwana talatin a hanya, katinka biyu na "ina labari, ina labari" suka iso tare da ita rana ɗaya. Ba wanda ya mutu. Kaka ta yi tari kwana biyar, ta warke.

Na yi abin da ka ce, kuma ina jin kunyar kaina. Na sa akwatin cikin kwandon wake na rufe. Muna gyaran wake ni da ita, na tono maganar gonar. Ta ɗauka kuwa, ta fara daga kakan Tatana. Ba ta yi jimla uku ba sai ta tsaya, ta karkata kai. Matar da ba ta jin ƙararrawar coci sai ga ta tana jin kaset yana juyawa. Ta ɗaga tsumman, ta leƙa, ta gyara mayafinta, ta ce wa kwandon wake, "Barka da yamma, Dokta." Daga nan kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ta ce na zama 'yar sandan ciki a gidanta.

Yanzu ka saurare ni, don na gaji. Na karanta inda ka rubuta "ki ga yadda take ji da ni", sai da na tashi na zaga gidan sau biyu kafin in iya zama. Kai da kake jin wutsiyar kalma daga Fotugal, ba ka ji wannan ba? Ba tsoron akwati take yi ba. Matar da ta kori jandarmomi biyu daga ƙofar gida da muciya ce za ta ji tsoron akwati? Ka tambayi kanka me ya sa ka manta yadda take faɗin na "ku" da na "su". Ka ce shekaru sun yi yawa ba ka ji ba. Kana zuwa hutu duk bazara, kana kwana a ɗakin da ke jikin nata. Ta yaya ba ka ji ba?

Lokacin bikin Ista ne, shekara goma sha biyu ke nan. Kana da sha huɗu, ka dawo daga makarantar kwana ta Nuoro da malaminku na Italiyanci, wani siriri mai tabarau da ya zo ganin bikin gari. Kaka ta yanka ɗan rago, ta kwana biyu tana toye-toye. Ina wurin, ni nake kai kwanuka. Ta ɗora wa malamin nama a faranti, ta yi masa maraba da harshen gida, doguwar maraba irin tata. Shi bai gane ba, ya dube ka. Kai kuma ka yi dariya, ka ce masa da Italiyanci, "Ka yi haƙuri, Malam, kakata ba ta iya magana ba, yaren tumaki take yi." Ka ɗauka ba ta ji. Ta ji sarai. Ta ajiye cokalin, ta ce maka da Italiyanci, "A ƙara wa maigida nama?" Tun daga ranar ba ta sake yi maka kalma ɗaya da harshen gida ba.

Ka san su wa ake yi wa Italiyanci a garin nan: likita, jandarma, mai karɓar haraji. Mutumin da ake ba kujerar baƙi, a matsu ya tashi. Ni tana zagina da harshen gida, tana zagin Boreddu, tana zagin kaza. Kai, da ta goya tun kana wata takwas da uwarka ta rasu, kai kaɗai take yi wa ladabi. Shekara goma sha biyu kana ɗauka girmamawa ce. Mu duka mun sani, ba wanda ya gaya maka, don ta hana. To yau na karya.

Ni ban damu da Farfesanka ba, ko ya ci gardama ko ya sha ƙasa. Shekarunta tamanin da ɗaya, tarin nan ya tsorata ni. Ba na so a kai ta makabarta tana ce maka Dokta.

Kada ka aiko mata da wasiƙar ban haƙuri. Ba ta karatu, ni kuma ba zan tsaya gabanta in karanta mata Italiyancinka mai santsi ba. Ba zan ƙara ɓoye akwati a ko'ina ba.

Mallena


Coimbra, 13 ga Mayu, 1978

Mallena,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, in za a kira wannan lafiya. Ki gaya mini gaskiya game da tarin.

Na tuna. Da na karanta sai na ga farantin, na ga cokalin. Na tuna har daɗin da na ji a ranar, wai Kaka ta fara ɗaukata babban mutum. Kwana uku ban je aji ba. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na gode da kika faɗa.

Ba zan iya zuwa ba kafin Yuli. Maganar ashirin ga Yuni ki manta da ita, na gaya wa Farfesa wataƙila in koma kan takardun coci. Ba don ita na aiko da wannan kaset ba.

Na ari rakoda a sashenmu, na kulle ɗaki, na ce zan yi mata magana da harshen gida. Mallena, bakina ya ƙi. In na fara sai Italiyanci ya shigo, ko harshen mutanen nan. Na goge sau tara. Abu ɗaya ne ya fito da kansa: gaisuwar da ake yi a bakin ƙofa in an tarar ana toya burodi. Ina ƙarami nakan tsaya a ƙofar in faɗa da ƙarfi, ta amsa, ta jefo mini na farko da zafinsa. Na lura yanzu cewa tun daga Istar nan na daina, sai dai in wuce ta ƙofar shiru da littafi a hannu.

Ita kaɗai ce a kaset ɗin, ba ta kai minti ɗaya ba. Kin san ba a barin wannan gaisuwa ba amsa, an ce in an bari burodi ba ya tashi, kuma ba ta da Italiyanci. In kin ga dabara ce irin ta kwandon wake, ki jefa kaset ɗin a wuta, ba zan ji haushi ba. In kin ga ya dace, ki ajiye akwatin a fili, a bakin ƙofa, inda mutum zai tsaya, ta gan shi da idonta.

Gonariu


Orulai, 31 ga Mayu, 1978

Kai ɗan'uwa!

Muna lafiya, tari ya tafi, kowa lafiya, tumaki lafiya, an yi musu aski, bar wannan. Ka zauna, yau ni ce da labari, ga garin fulawa duk a takardar.

Jiya muka yi toyi. Mu uku kamar kullum: ni ina murza ƙullu ina faɗaɗawa, Kaka a bakin tanderu da dogon katakonta, Tatana da wuƙa tana raba burodin biyu in ya kumbura ya fito. Na bari sai da hantsi ya yi, wuta ta zauna, ana tsakiyar aiki. Na wanke hannu, na ɗauko akwatin, na ajiye shi a kan dokin ƙofa. Kaka ta gani. Ta ce, "Ba ni da mayafi a nan, kai shi ɗaki." Na ce, "Ba ɗauka zai yi ba, Kaka. Baƙo ne a ƙofa." Na danna.

Sai ga muryarka, kamar ta ɗan maraƙin da aka shaƙe. "Allah ya tsare ku, ya tsare hannuwanku."

Tatana ta saki wuƙa ta yi alamar gicciye, ta ɗauka mutuwa ka yi. Kaka kuwa ta sandare, katako a hannu, burodi a cikin wuta. Ka san ita ce mai tanderu, ita ce za ta amsa. Na ga bakinta ya buɗe ya rufe. Tana neman yadda za ta faɗa da Italiyanci, babu. Burodin yana kwance a ciki shimfiɗe, bai motsa ba.

Tatana ta ce, "Badora, amsa mana! Za ki kashe mana toyin wata guda saboda taurin kai? Dubi, ya ƙi tashi!"

Kaka ta ce, "Ya ƙi tashi ne don kin murza shi da kauri."

"Ni na murza? Ni aikin wuƙa nake yi, tsohuwar banza! Amsa wa yaro!"

Sai Kaka ta juyo ga akwatin. Ba amsa ta fara yi ba. Ta ce, da harshen gida, da muryar nan da ake ji har dandalin gari, "Wutar fa? Ina wutar? Ya tsare ku, ya tsare hannuwanku, ya tsare wutarku! Haka na koya maka? Jaki mai tabarau! An kai ka Nuoro, an kai ka Fotugal, ka dawo ka tsaya mini a ƙofa da rabin gaisuwa?"

Ka bar wuta, Gonariu. Sau tara ka goge, ka bar wuta! Na yi dariya har na zauna cikin garin fulawa, ina dariya ina hawaye.

Daga nan ta amsa, cikakkiya: ya tsare mai shigowa, ya kai shi ga ci. Ta juya ga tanderu, burodin nan ya kumbura ya yi tim kamar tulu. Tatana ta ce ai ga shi nan, amsa yake jira. Ni dai na san wuta ce ta kama shi, amma na bar ta a haka.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ci gaba, tana zura burodi tana fitarwa tana wanke ka. Ta faɗi Istar, ta faɗi farantin, ta faɗi daren da ka yi ƙyanda ta ɗauke ka a baya har gidan likita. Ni kuwa ina zaune baki buɗe, sai can na tuna kaset ɗinka ne a cikin akwatin, ba abin da ake ɗauka. Na ce a raina shi ke nan, ya wuce, kuma ban yi baƙin ciki sosai ba. Sai ta tsaya ta dube ni.

"Yana ji?"

Na ce, "A'a, Kaka, sai an sa wani kaset an danna ja."

"To me kike jira? Ni ina ta ɓata yawuna? Sa masa. Ban gama ba."

Na sa. Ta koma tun daga farko, har ta ƙara abin da ta manta. Fuska ɗaya ta kaset ta cika, na juya, ta cika rabin ɗayar. Ba mayafi, ba 'yan kunne, gari har gira. Ko akwai wutsiyarka a ciki, ko babu, ni ban saurara ba, ka nema da kanka. Za ka ji Tatana tana sa baki, za ka ji ni ina jan hanci, ka yi haƙuri da mu.

Na farkon da ya fito bayan amsar ta ware shi gefe, ta ce naka ne. Na ce zai farfashe a hanya. Ta ce ka ci garinsa. Yana cikin kwalin tare da kaset. Boreddu zai kai Nuoro gobe da kansa, don kada ya kwana a gidan wayar gari.

Mallena


Coimbra, 22 ga Yuni, 1978

Mallena,

Gaisuwa gare ku duka. Ina lafiya, lafiya sosai. Kwalin ya iso ranar sha shida. Burodin ya zama gari kamar yadda kika ce, na cinye shi da cokali.

Sau uku na saurari kaset ɗin kafin in tuna akwai abin da nake nema a ciki. Matar gidan ta ƙwanƙwasa ta tambaya wa ke yi mini faɗa haka, kuma me ya sa nake murmushi ina share ido. A na huɗu na ɗauki fensir. Sau talatin da ɗaya, Mallena! Na "mu", na "ku", na "su", har da na "ni" da ban taɓa tsammanin zan ji ba. Duk suna nan, tsakanin jaki da mara kunya.

Shekaranjiya na tsaya gaban malamai bakwai. Na yi tunanin in yanko jimlolin kawai, sai na ga wannan ma ɓoye ta ne a kwando. Na gaya musu wace ce, na gaya musu abin da na faɗa ina da sha huɗu, sannan na danna. Farfesa ya matso da kujerarsa har kunnensa ya kusa taɓa akwatin, yana cewa in mayar, in mayar. Ya tambaye ni me take cewa a wani wuri, na ce cewa take yi an yi asarar takalman da aka saya mini. Ya rubuta. Bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce zai ba ni amsa a rubuce, amma littafina a kan Kaka zai tsaya. Ya ce in tambaye ta ko zai iya zuwa ya gaishe ta. Na ce masa zai sha Italiyanci.

Wuri ɗaya ne ban sa musu ba, na ƙarshe, bayan Tatana ta fita. Ban sani ba ko kin ji, don kina ta jan hanci. Muryarta ta sauka, ta kira ni da sunan da take kirana ina ƙarami, ta ce in dawo kafin toyin Yuli, pro mandigaremus paris, don mu ci tare. Shi ne na talatin da ɗaya, kuma ban rubuta shi a littafin ba.

Jirgin ruwa zai sauke ni a tashar Olbiya ranar tara ga Yuli, motar rana za ta kawo ni. Ki riƙe toyin har in iso in za ki iya. Kada ki gaya mata. Ki bar ƙofar ɗakin tanderu a buɗe kawai. Kullum da safe ina maimaitawa a gaban madubi, har da wutar.

Ɗan'uwanki,
Gonariu